Sikira da Kwanon Dambun Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sikira ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ga wayar takwarata, babbar 'yarta. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Mama, Momi ta tafi." Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ruwan ya ƙafe a buta, ƙauri ne ya tashe ni.

Tun ɗazu nake ganin hotonta yana yawo a nan dandalin sada zumunta. Farfesa Sikiratu kaza, Farfesa Sikiratu kaza. Wannan ya ce ita ta duba masa aikin digiri har sau uku ba ta gaji ba, waccan ta ce ita ta tsaya mata ta koma karatu bayan aure. Na karanta duka. Ban ga ƙarya ko ɗaya ba.

Nawa dai ba irin nasu ba ne.

Ni kishinta na yi. Fiye da shekara arba'in ina kishin matar nan, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maigidana. Kar wani ya yi saurin fassara, ba a kan namiji ba ne. A kan mahaifiyata ne. Yau zan faɗa, don wadda ya kamata ta ji daga bakina ta tafi ba ta ji ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni Saudatu ce, 'yar Malumfashi. Ita kuma haihuwar Funtuwa ce, iyayenta Yarabawa, mahaifiyarta tana sayar da atamfa a kasuwa. A jami'a muka haɗu a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da 'yan matan ajinmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ana gab da dogon hutu aka liƙa takarda a allon sanarwa. Ana neman ɗalibai mata biyu masu jin Hausa su taya wani aikin bincike kan lafiyar yara a ƙauyukan Malumfashi. Mata ake so, don namiji ba ya shiga gidan matan aure. Na ce wannan ai nawa ne, garinmu ne, harshenmu ne. Da na ga sunanta kusa da nawa har dariya na yi, na ce me Bayarabiya za ta tambayi matan ƙauyenmu.

Sai da ta buɗe baki na gane ni ce baƙuwa. Hausar kasuwar Funtuwa ce a bakinta, mai zaƙi, mai barkwanci. Tawa kuwa makarantar kwana ta riga ta cakuɗa ta da Turanci.

Shugabar aikin wata Baturiya ce likita, mutanen ƙauye na kiranta Likita Doguwa, mu muna ce mata Dakta. Tun ranar farko ta gaya mana cewa in hutu ya ƙare za ta riƙe mutum ɗaya ta ci gaba da aiki da ita, daga baya a tura ta ƙarin karatu waje.

Mutum ɗaya. Mu biyu.

Funtuwa ta yi nisa a riƙa zuwa kullum a koma. Ni da bakina na ce ta zo ta zauna gidanmu.

A nan ne sai na gaya muku wace ce Inna.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a wancan zamanin. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, daga hannunta na wuce makarantar kwana. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce "ke". In tana maganata da wani ta ce "waccan". Ranar da sakamakona na shiga jami'a ya zo gidanmu ya cika da guɗa, ita kuwa tankaɗen garinta ta ci gaba da yi, ko kai ba ta ɗaga ba.

Kar ku ce ban san al'ada ba ce. Na sani sarai. Amma na ga iyayen ƙawayena, suna kunyar a gaban mutane, in an shiga ɗaki kuma sai su jawo 'yarsu su ji damuwarta. Inna ko a ɗaki haka take. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa abin ya wuce kunya, matar nan kawai ba ta damu da ni ba ne.

Sai ga Sikira da akwatinta. Ta zube gwiwa biyu a ƙasa ta gaishe da Inna irin gaisuwarsu. Inna ta kama kafaɗarta ta ɗaga ta, ta tambayi sunanta, ta maimaita shi.

Daga ranar sunan nan bai huta ba. Sikira zo ki ci. Sikira kin yi sallah? Sikira wa ya yi miki wannan kitso? Akwai yinin da na zauna na ƙirga, sau tara. Ni da na shekara ashirin ina jiran sau ɗaya.

Kafin sati biyu ta zama 'yar ɗaki. Sai in dawo daga wanka in same ta zaune a bakin gadon Inna suna tsinkar zogale, suna ƙus-ƙus suna dariya. Ina ɗaga labule Inna za ta gyara zama ta tsuke fuska, hira ta mutu. Ban taɓa sanin Inna na da wushirya ba sai da na hango ta tana yi wa Sikira dariya.

Sai kuma kwanon.

Kullum da safe kafin motar aiki ta zo, Inna za ta ɗaure ɗan kwanon dambun masara da zogale a tsumma, ta wuce ni ina tsaye a bakin ƙofa, ta danƙa wa Sikira a hannu. "Ungo, Sikira, kar ki yini da yunwa." Dambu kuwa duk duniya babu abincin da na fi so. Da rana in mun zauna a gindin bishiya sai Sikira ta kwance ta turo mini, ta ce in ci, ya yi mata yawa. Wata rana in ci don yunwa ta fi ƙarfina, wata rana in ce na ƙoshi. Ko na ci ma, ji nake sadaka ake ba ni da abincin gidanmu.

Aikin kansa babu wuya a ido. Kowane gida an rubuta masa lamba da fenti a bangon zaure. Mu shiga, mu zauna da kowace matar aure, mu cika mata fom: haihuwa nawa, sunan kowane ɗa, damina nawa ya yi, yana raye ko ya koma. Daga wannan fom ɗin ake fitar da sunayen ƙananan yaran da za a auna nauyinsu, a kuma yi musu allurar ƙyanda. Yaron da ba ya cikin fom babu kati, babu allura.

Damina ce. Mota ta kafe a hanyar Gozaki, mu cire takalma mu riƙe a hannu, mu ratsa tsakanin dawa da auduga.

Ni sauri gare ni. Ina shiga gida nake yi musu lacca, in ce wannan aikin likita ne, babu kunya a cikinsa, kowa ta faɗi gaskiya. Su ce to. Sai in fara daga sama yadda layin fom ya zo, in ce wane ne ɗanki na fari. Mace ta yi dariya, ta ja gefen zane ta rufe baki, ta faɗi suna. In rubuta. Kafin azahar na gama gida goma, rubutuna tsaf, ko ɗigon laka babu.

Sikira kuwa sai a hankali. Ta karɓi taɓarya ta taya daka, ta ɗauki jariri ya yi mata fitsari a zane, ta tsaya jin ciwon gwiwar tsohuwa tun daga farkonsa. A gidajen Maguzawa har gayauna take bin matan, tana tambaya suna cirar ciyawa. Ta dawo da fom huɗu ko biyar, wani da tabon kunu, wani da shatin yatsa. Ni ina zaune a mota ina fifita da nawa, raina fes.

Na ce a raina, a nan dai na fi ta. Ta ƙwace mini Inna, amma wannan kujerar tawa ce.

Wata Juma'a muka dawo da wuri don direba ya samu masallaci. Na kama hanyar gida sai na tuna na bar lemata a ofis. Ina zuwa na hango Sikira ta taga. Ita kaɗai, ga tarin fom a gabanta, ga ɗan littafinta na aljihu a buɗe, tana ƙara suna a saman kowane fom. Babu uwa a wurin, babu ɗa. Tana zaune a ofis tana haifa wa mutane 'ya'ya da biro.

Wallahi daɗi na ji. Ku ji da kyau, daɗi.

Ban shiga na tambaye ta ba. Gidan Dakta na wuce kai tsaye. Na marairaice fuska, na tattaro duk Turancin da na iya, na ce ba da son raina nake faɗa ba, amma ƙawata daga kanta take cika fom.

Dakta ta miƙe. Ta sa takalmi muka koma ofis tare. Ta karɓi tarin daga hannun Sikira ta baza a tebur, ta riƙa duba ƙasan kowace takarda inda muke sa hannu. Can ta ɗago ta dube ni.

"Saudatu, ai waɗannan naki ne."

Duka nawa ne. Babu nata ko ɗaya.

Ban saduda ba. Na ce to ai abin ya fi muni, aikina take ɓatawa. Dakta ta zaro fom ɗaya daga tsakiya ta ce gobe za mu je mu gani da ido.

Gidan wata matashiya ce mai suna Hansai, a wani ƙauye gaba da Gozaki. Ni na rubuta mata babu haihuwa. Sikira ta ƙara namiji, Audu, damina ɗaya. Muka same ta tana sussuka. Dakta ta ce in sake tambayarta. Na tambaya. Hansai ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta da ɗa.

Na juya na kalli Dakta. Allah Ya yafe mini irin kallon da na yi.

Sikira ba ta yi musu ba. Ta wuce wurin surukar Hansai, wata tsohuwa da ke kaɗi a inuwar rumbu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Iya, ina angon naki, ko yau yaji ya yi miki?"

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, ta shiga ɗaki ta fito da yaro yana mutsuttsuka ido. Ta ce, "Ga shi nan, ɗan waccan ne mai sunkuyar da kai. Ita ta ina za ta hwaɗa muku? Ɗan hwari ne hwa."

Tana sauke shi ya nufi uwarsa yana tangaɗi, ya kama mata zane. Hansai ta kau da kai tana kallon katanga kamar ba ta san da shi ba. Amma hannunta ya zagaya ta baya ya tallafe shi kar ya faɗi. Na ga hannun nan da idona. Ban fahimci komai ba, hankalina na kan kunyar da na sha.

A mota Dakta ta sa Sikira ta yi bayani. Ta ce ita ba ta farawa daga sama. Daga auta take farawa. Wannan wa yake bi? Shi kuma wa yake bi? Haka har uwa ta yi shiru ta fara tsinkar bakin tabarma. Da ta ga haka ta san saura ɗaya, sai ta tashi ta nemi kaka ko ungozoma ko maƙwabciya. Ni kuwa duk wadda na ce ta faɗi na fari, na biyu take ba ni. Mai ɗa ɗaya ta ce ba ta da ko ɗaya.

Ashe tun satin farko ta lura. Ashe jinkirin nan da nake yi wa dariya, gidajenta take yi ta kuma bi nawa tana tambayar tsofaffi, ni ina mota ina fifita. Ba don ita ba, da Audu da irinsa da yawa babu mai yi musu allura.

Sai ta ƙara da abin da har yau ban warke daga shi ba. Ta ce, "Dakta, raba aiki muka yi. Ita tana tambayar iyaye, ni ina tambayar kakanni. Laifina ne da ban gaya miki ba."

Dakta ta dube ni ta saman gilashi. Ta san ƙarya ce, ai ni na kai ƙara. Amma ta bar maganar a haka.

Da Sikira ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka sake tsara fom ɗin ya koma farawa daga auta. Aka sake bin duk gidajena. Ƙarshen hutu aka riƙe Sikira, kuma ko ni ce Dakta ita zan riƙe. Abin da ya fi ci mini rai, a gida Sikira ba ta gaya wa Inna komai ba. Washegari da safe aka sake wuce ni aka miƙa mata kwano.

Ana saura kwana biyu ta tafi na kasa haƙuri. Tana haɗa kaya na ce mata ta haɗa da Inna mana, tunda ita ce 'yarta. Ta ajiye zanen da take ninkewa ta ce, "Sauda, ke fa ba ki san Inna ba."

Duk abin da ya faru babu wanda ya ƙona ni kamar wannan. 'Yar Funtuwa, Bayarabiya, wata uku a gidanmu, ita za ta koya mini uwata.

Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ta tafi waje, ta dawo, ta zama abin da kuka sani. Ni na gama digiri, na koyar a makarantar koyon aikin lafiya har na yi ritaya. Alhamdulillahi ban rasa komai ba. Amma duk ranar da na ji muryarta a rediyo sai in ce yara su rage, kaina na ciwo.

Ita kuwa ba ta fasa ba.

Daga waje ta aiko wa Inna rigar sanyi, ni kuma agogon hannu. Yana nan a kwalinsa, ban taɓa ɗaurawa ba.

Da ta haifi 'yarta ta fari ta sa mata sunana. Na aika da turmin atamfa na ce ba ni da lafiya. Lafiyata ƙalau.

Da maigidana ya kwanta asibiti, ban gaya mata ba, ban san wa ya gaya mata ba. Sai ganinta na yi a bakin gado da fayil ɗinsa a hannu tana magana da likitoci. Kwana uku ta yi tana zirga-zirga. Na yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

Duk zuwan da za ta yi Funtuwa sai ta biyo ta Bakori ta leƙo Inna. Sau da yawa sai ta tafi nake ji, daga bakin Inna, da sunan nan dai a gaba.

Ranar da Inna ta rasu kukan da Sikira ta yi har baƙi suna yi mata ta'aziyya, sun zaci ita ce babbar 'ya. Ni ina gefe idona a bushe, ina jin haushin har kukan uwata an riga ni. Ran sadakar uku ta kamo hannuna ta ce akwai amanar da za ta ba ni. Na ce baƙi na jira, na zare hannuna. Bayan nan ta kira ni a waya har sau biyu a kan maganar. Na ɗauka wani ɗan kunne ne ko zane Inna ta ba ta ajiya, na ce wato ko ajiya ma ita aka yarda da ita. Kullum sai in kawo wani zance.

Haka na yi ta guje mata shekara da shekaru.

Wata uku da suka wuce takwarata ta kira ta ce jikin Momi ya matsa, ta koma gidansu na Funtuwa, kuma tana yawan tambayata. Na ce to, lokaci ya yi. Tun daga Malumfashi har muka wuce Bakori ina bitar abin da zan faɗa. Zan ce ni na kai ƙararki, kin sani, na san kin sani, ki yafe mini.

Na same ta a kan katifa a falo. Ta rame sosai, amma bakin nan yana nan. Tana ganina ta ce ga mai gida goma kafin azahar. Muka yi dariya. Sai ta sa aka kawo mini kwano. Na buɗe, dambu ne da zogale.

Na ce ta matso mu ci. Ta yatsine fuska ta ce ita ai ba ta iya haɗiye wannan abin. Na ce ke da kika yi wata uku kina cinsa kullum?

Ta ce, "Ni? Kin taɓa ganin na wuce loma biyu? Ni fa 'yar amala ce, Sauda. Zogale ɗaci yake yi mini."

Na ajiye cokali.

Ta ce tun safiyar farko Inna ta jawo ta bayan madafa ta ce mata, "Waccan ba ta karyawa da safe, tun tana ƙarama haka take. Wannan kaɗai take ci. Ki ce naki ne." Ta ce kullum muka dawo sai Inna ta kira ta ɗaki ta tambaye ta, ta ci? Ranar da na ci, Inna ta kwana da fara'a. Ranar da na ce na ƙoshi, ita ma sai ta ture tuwonta.

Ta ce ƙus-ƙus ɗin nan da nake katsewa in na ɗaga labule, duk hirata ce. Yadda nake a aji, ko malamai na yabona, ko ina da mai so, ko ruwa ya dake ni a hanya. Kiran sunanta da ake ta yi kuwa, ta ce ai dole a kira ɗan aike.

Na buɗe baki zan yi magana. Ta ce in tsaya, ba ta zo kan amanar ba tukuna.

Gidanmu ma yana cikin gidajen da aka sa wa lamba, kuma ita ta cika fom ɗin Inna. Ta ce ta fara daga auta kamar kullum, suna hawa, har suka zo kan Nasiru mai bi mini. Sai Inna ta yi shiru. Sikira don tsokana ta ce shi ke nan, Inna, in rufe? Ta ce sai ji ta yi an riƙe mata tsintsiyar hannu gam.

"Akwai wadda na fara da ita. Kwana biyu ina naƙudarta. Ki sa ta a sama, ki rubuta da kyau yadda Baturiya ba za ta tsallake ta ba. In kuma kika faɗa mata ina raye, ban yafe ba."

Sikira ta ce, "Shi ne nake ta binki da shi, ke kuma kina ta gudu."

Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Inna, a falon nan na yi shi. Matar da ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta, ita ce ke bubbuga mini baya. Hannun Hansai ne ya yi ta dawo mini a ido. An nuna mini tun ina da shekara ashirin, ina tsaye ina kallo.

Sai masu dubiya suka shigo, falo ya cika. La'asar ta yi, direba na jira. Na tashi na ce zan dawo bayan Sallah mu zauna sosai.

Ta ce, "Ki gai da gida, 'yar farin Inna."

Sai da muka wuce Bakori na tuna ban faɗi abin da ya kai ni ba. Na ce ba komai, in na koma.

Ban koma ba.

To ga shi ina faɗa a gaban kowa. Sikira, ni na kai ƙararki alhali aikina kike gyarawa. Na ƙi agogonki, na ƙi sunan 'yarki, na zare hannuna daga naki. Kin ɗauki saƙon uwata kina bina da shi, ni kuma ina jin haushin an aike ki. Ki yafe mini.

Zan so in ce kishin ya ƙare, amma yau ba ranar ƙarya ba ce. Ita ta ga wushiryar Inna a kusa. Ita aka riƙe wa hannu. Ita ta ji maganar nan da kunnenta, ni labari aka ba ni. Yau ma ga shi ta riga ni zuwa inda Inna take.

Bayan azahar za a yi jana'iza a Funtuwa. Na ciro agogon daga kwali, ba ya tafiya, amma da shi zan je.

Allah Ka jiƙan Sikiratu. Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka saka mata da duk yaron da ta rubuta bayan wani ya tsallake shi. Ka ba takwarata da ƙannenta haƙuri. Ka jiƙan Inna, Ka haɗa su a Aljanna.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi wa Sikira addu'a, ya haɗa da Inna. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya wanke mini sauran abin da ke ƙirjina kafin in je in same su suna hira.